Adireshin Akwati da Babin da Ya Rage

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanya wa kowane gida ƙofa, ya kuma sanya wa shiga ladabi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ni mutum ne da ya tsufa tsakanin tawada da takarda, ban taɓa zaton zan zauna in rubuta labarin na'ura ba. Abin da ya sa ni shi ne, akwai wani littafi da nake karantarwa a zaurena nan Malanville, idan mun kai babinshi na ƙarshe sai in rufe, in ce a koma farko. Masu ɗaukar karatu sun sha tambayata dalili, wasu cikin ladabi, wasu cikin ƙorafi. Ga dalilin.

Malaminmu, Allah ya jiƙan shi, mutumin wani ƙauye ne kusa da Garou, inda ake noman shinkafa da albasa. Littafi guda ya wallafa a rayuwarshi, a kan hukunce-hukuncen da sunka shafi mutanen bakin kogi: hayar jirgin fito, haɗin gwiwar masunta, rabon ruwan fadama, da abin da ya yi kama da haka. Babin ƙarshe a kan gonar da kogi ya cinye ne, bayan shekaru ya tofar da ƙasarta a wani gefen, ko ya mai da ita tsibiri. Ta wa ce? Duk wanda ya zauna bakin ruwan nan ya san wannan tambaya ta raba zumunci ba sau ɗaya ba.

Mu biyu munka kwafi littafin daga bakinshi: ni, da wani abokin karatuna mutumin Gaya wanda ya riga ni zuwa wurin Malam, saboda haka har ya bar duniya yana ɗaukar kanshi yayana. Hannuna ya fi nashi kyau, kunnenshi ya fi nawa kaifi. Ni na rubuta matanin tsaf. Shi kuwa ya cika gefen takardunshi da bayanin da Malam yake yi da baki, da wasu gajerun alamomi da ya ƙirƙira don kanshi: harafi guda a madadin jimla, ɗigo biyu a madadin sharaɗi. Da Malam ya ba mu izini, sai ya gindaya mana sharaɗi, ya ce kada ɗayanmu ya karantar da wani babi ko ya yi fatawa da shi sai mun yi muƙabalarshi, wato mun zauna mun gwada kofi biyun, ɗaya na karantawa ɗaya na bi. Daga baya ambaliya ta ci ɗakin Malam da asalin littafin. Kofinmu biyu sunka zama su ne kaɗai.

Hidimar iyali ta raba mu shekaru masu yawa, sai da furfura ta kama mu munka fara aikin da gaske. Ranar kasuwa yakan hau kabu-kabu ya tsallako gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, kofinshi cikin gafaka a rataye. Yana sauka zai ce, "Malamin kasuwa, an rufe ciniki ko in jira?" Ni kuma in ce, "Malamin ƙetare, ƴan duwan masu binciken kaya ba su karɓe maka ilimin a kan iyaka ba?" Sai mu zauna. Ina karanta layi, yana bin nashi da yatsa, ya tsai da ni ya ce nan Malam ya ce kaza, ya warware mini alamarshi in rubuta ta cikakkiya a nawa kofin. Aiki ne mai tafiyar hawainiya, don rabin zaman yakan tafi a gardama. Haka munka ci littafin babi bayan babi, har ya rage na ƙarshe da ɗan abin da ke gabanshi.

Sai anka rufe gada. Mutane sunka koma fito da jirgi, kamar zamanin kakanni. Matasa da ƴan kasuwa sun iya, amma abokina ƙafafunshi sun riga sun yi nauyi, ba ya iya sauka gangaren, ni kuma likita ya hana ni. A cikin wannan shekarar idonshi ya soma rufewa. Ya kai ba ya ganin rubutun kanshi. Munka gwada waya, ba ta yi ba: shi ba ya ganin alamar balle ya karanta mini, ni kuma ba na gabanta balle in siffanta mashi. Abin da ake bukata shi ne in ga shafinshi da girma a gabana, in ce mashi ga harafi kaza a gefen layi kaza, shi kuma ya tuno abin da ya nufa.

Nan ɗiyata ta shigo. Ita ce ta fari, don haka ba na kiran sunanta, Injiniya nake ce mata idan ina son tsokanarta. Ta yi karatun na'ura a Kwatano, ta dawo ta yi aure nan, tana haɗa wa ofisoshin masu fiton kaya rezo, wato intanet. Ta ce abu ne mai yiwuwa: a ɗora ordinatar, wato kwamfuta, a gidan abokina, idon na'urar na kallon shafin, ni in gani a nan. Surukarshi, matar ɗanshi da ke aiki a arewa, ita ce za ta riƙa kunnawa. Anka gwada. Murya na zuwa tana yankewa, hoton kuwa sai ya tsaya cik, harafi ya narke kamar an zuba mashi ruwa.

Ɗiyata ta yi mini bayani, zan maimaita shi yadda na fahimta. A kowane gidan da ke da rezo akwai ɗan akwati mai ƙananan fitilu, rutar ake ce mashi. Shi ne mai tsaron ƙofa: duk saƙon da zai fita daga na'urorin gidan ta wurinshi yake bi, duk wanda zai shigo ma haka. Akwatin gidan abokina, da yake kusa da ruwa yake, yana rawa tsakanin eriyar Gaya da ta wannan gaɓar tamu, ya kama wannan ya saki, ya kama waccan. Maganin shi ne a shiga cikinshi a umarce shi ya riƙe guda. Amma ba a shiga sai an san adireshinshi, wasu lambobi ne da ake kiran shi da su.

Na ce, "To a tambayi mai shi mana."

Ta ce, "Baba, na hannu ne anka saya, wanda ya fara mallakarshi ya canza lambar, takardar da ke manne a gindinshi kuma ta goge. Na ba surukarshi lambar da galibin akwatuna ke zuwa da ita, shiru. Na ba ta ta biyu, shiru."

Wahalar ba ta tsaya nan ba. Gidan abokina ba su da ordinatar tasu, aro suke yi. Yau ta mai farmasi maƙwabcinsu, wato mai shagon magani, gobe ta wani malamin lakkol, makarantar boko ke nan, wani lokaci wata tsohuwa da anka sayo daga Kamba. Kowace da irin tsarinta, kowace da inda take ajiye wannan lambar, wata ma ba da Faransanci take magana ba. Ɗiyata ta yi ta yi wa surukar kwatance ta waya, taɓa nan, rubuta kaza, har baiwar Allah ta ce kanta ya yi zafi. Ƙari a kan haka, idan wuta ta ɗauke, mai farmasi ya yarje musu su hau rezon shagonshi da ke aiki da hasken rana. Sai ordinatar guda ta zama tana haɗe da gida biyu, kowane da akwatinshi, ba a san wanne ne wanne ba.

Sai ta ce za ta rubuta manhaja ƴar ƙarama, wadda duk irin ordinatar da anka sa ta, ita da kanta za ta nemo adireshin akwatin kowane rezon da na'urar ke haɗe da shi, ta nuna su a fili. Na ga yadda ta yi aikin, don a tsakar gidana take zama da rana idan ta kawo jikokina. Tana aro na'urori daga ofisoshin da take wa aiki, ta jera su a tabarma. Manhajar ta yi a wannan, ta ƙi a waccan. Ta gyara don waccan, ta farko ta lalace. Na ce mata wannan ai aikinmu ne, mas'ala guda, kowace mazhaba da hanyar da take bi ta isa gare ta. Ta ce, "Naku malaman aƙalla sun rubuta dalilansu, Baba. Waɗannan sai ka yi ta lalube." A ƙarshe ta sa manhajar ta fara gane irin na'urar da take ciki, sannan ta yi mata tambaya ta hanyar da wannan irin ke ganewa. Ta zuba ta a kile, ɗan ƙarfen nan da ake sokawa a gefen ordinatar, munka ba wani mai fataucin albasa ya haye da ita.

Na yi zaton an gama. Washegari waya ta yi ƙara.

"Malamin kasuwa, wane irin ɗan leƙen asiri ne ka aiko mini a cikin buhun albasa?"

Ashe ya tambayi surukarshi aikin abin kafin a soka, ta ce mashi yana nemo adireshin akwatin duk gidan da anka haɗu da shi. Ya ce a ajiye.

Na ce, "Yaya, akwatinka za ta nemo."

Ya ce, "Da nawa kaɗai ne da ban kira ka ba. An ce har na mai farmasi. Mutum ya ba ka aron inuwar zaurenshi, sai ka aiki yaro ya zagaya ya ƙidaya mashi ƙofofi? Kai da ka karanta babin neman izini a gaban Malam, kana gyangyaɗi ko?"

"Ban yi gyangyaɗi ba, kai ne ka zauna a gabana ka tare ni."

"To amsa mini."

Tambayar ta gaskiya ce. Shari'a ta hana bin diddigin abin da mutum ya ɓoye, ta hana shiga gida ba da sallama ba, kuma ni a lokacin ban san ko abin da manhajar ke yi shiga ne ko tsayawa a waje ba. Na kai wa ɗiyata maganar. Ta dafe kai ta ce, "Ku tambayi mai farmasin mana, Baba, ga shi nan da ranshi!" Anka tambaye shi. Ya yi dariya ya ce ya yafe, a nemi duk abin da za a nema. Na kira abokina ina murna. Ya ce, "Ka tambaye shi ko ya san abin da ya yafe? Izini a kan abin da mai bayarwa bai sani ba, wane izini ne? Kai za ka sayi kifin da ke cikin ruwa?"

Makonni munka yi a kan wannan mas'ala. Ba zan ɓoye ba, mun ji daɗinta. Tun da anka rufe gada ba mu sami abin gardama mai nama irin wannan ba. Ya kawo ƙiyasi da mai tambayar hanyar gidan sarkin ruwa, na kawo da baƙon da ke duban inda alƙibla take a ɗakin da anka sauke shi. Ya rushe nawa, na rushe nashi. Muryarshi ta dawo da ƙarfinta, surukarshi ta ce har abinci ya koma ci. A duk tsawon wannan lokaci kofinshi na cikin gafaka, ba a buɗe ba.

Ɗiyata ce ta gaji. Wata rana bayan la'asar ta ajiye ordinatar a gabana ta ce, "Ku kuna hukunci a kan abin da ba ku karanta ba. Ga matanin." Na ji nauyin maganar, don ƙa'idarmu ce ta mayar mini. Na gyara zama kamar ɗalibi, ta riƙa karanta mini manhajar layi layi tana fassarawa, ina tsai da ita ina tambaya.

Ga abin da na samu. Duk lokacin da na'ura ta shiga wani rezo, takan yi sallama, akwatin gidan ya amsa, ya ba ta masauki, ya kuma gaya mata da kanshi: ga adireshina, idan kina da saƙo ki kawo nan. Na'urar ta adana wannan a cikinta. Manhajar ba ta fita ko'ina, na'urar take tambaya abin da mai gida ya riga ya gaya mata. Wannan ba leƙe ba ne, tambayar baƙo ce wa ya sauke shi. Na ce alhamdu lillahi.

Amma can ƙasa akwai wasu layuka da ta yi saurin wucewa. Na ce ta koma. Ta ce wannan na ko-ta-kwana ne: idan na'urar ta ƙi ba da amsa, manhajar za ta bi lambobin gidan ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa, har ta ji wanda ya amsa da muryar akwati. Na ce, a cikin ƙwanƙwasawar nan za ta san sauran na'urorin da ke shagon mai farmasi? Ta ce za ta san suna nan.

Na kira abokina na gaya mashi duka biyun, abin da ya wanke manhajar da abin da ya kama ta. Ya yi dariya har da tari.

"Ashe makaho ya ga abin da masu ido ba su gani ba. Ba ni ɗiyar nan tamu."

Na miƙa mata wayar.

Ya ce, "Ɗiyata, na farkon halal ne, na sa hannu. Na biyun ki cire shi."

Ta ce, "Baba Malam, idan na cire kuma wata na'urar ta ƙi magana fa?"

"Sai ki koya mata magana. Ba ke ce Injiniya ba?"

Ta cire. Cirewar ta jawo sabon aiki, domin tsohuwar na'urar nan ta Kamba ta wannan hanyar kaɗai take ba da amsa. Sai da ta nemo irinta a wani shago a Madécali, ta zauna da ita har ta gano inda take ɓoye lambar. Sannan anka jira mai albasa ya sake hayewa. Kafin sabon kile ya isa Gaya, damina ta sauka.

Ranar da anka soka shi ina zaune gaban ordinatar ɗiyata. Surukar ta karanto mana lambobi biyu da sunka bayyana, ɗaya an rubuta ta igiya ce, wato akwatinsu, ɗaya ta iska, wato na shago. Lambar akwatinsu ba ta yi kama da ko ɗaya cikin waɗanda anka yi ta zato ba. Ɗiyata ta bi da surukar mataki mataki har anka umarci akwatin ya riƙe eriyar Gaya. Sai ga shafin abokina a gabana, ya fi yadda yake a takarda girma, har ina ganin inda alƙalaminshi ya yi tsartuwa tun muna samari. Na ce, "Yaya, ashe haka rubutunka yake da muni." Ya ce, "Karanta, ka bar sharhi."

Munka gama babin da ke gaban na ƙarshe cikin zama kaɗan, don yanzu babu mai son ɓata lokaci. Munka shiga na ƙarshe. Shafin farko, na biyu. A nan ne alamominshi sunka fi yawa, domin a nan Malam ya fi yin bayani da baki, yana kawo sunayen gonaki da tsibirai da yadda magabata sunka raba su. Ina siffanta alama, ya riƙa motsa leɓe, sannan ya zubo jimlar kamar jiya anka faɗe ta. Munka tsaya a inda Malam ya fara rarrabe ƙasar da kogi ya ɗauka a hankali da wadda ya yanke dare ɗaya. Ya ce ya gaji, mu bari sai jibi.

Kafin jibin, ciwo ya buge shi a rabin jiki, ya ɗauke mashi magana. Surukarshi ta kunna na'urar sau biyu bayan haka, bisa roƙona. Hoton na fitowa tar, babu yankewa. Na siffanta mashi alamar da munka tsaya a kanta, harafi guda da ɗigo a ƙarƙashi. Ya dube ni, ko in ce ya dubi inda muryata ke fitowa, bakinshi ya yi ƙoƙari. Na ga ya sani. Ban sake neman a kunna ba, don na ga abin yana wahalshe shi. Bai kai kaka ba ya rasu. Ban sami zuwa jana'iza ba, daga wannan gaɓar na yi mashi addu'a.

Na sha juya al'amarin a zuciyata. Ba zan ce ya yi kuskure da ya tsai da mu ba, tunda abin da ya ji tsoro yana cikin manhajar da gaske, kuma da ni ne na fara lura da shi da ni ma na tsaya. Ba zan ce ɗiyata ta yi jinkiri ba. Kowa ya yi abin da ya kamace shi, kuma makonnin nan da sun ishe mu gama babin. Wannan ne yake ci mini rai, ba ni da wanda zan ɗora wa.

Ɗanshi ya aiko mini da gafakar bayan arba'in. Kofi biyun yanzu suna wuri guda, abin da ba su taɓa yi ba sai ranar kasuwa. Na zauna da su da tabarau, na gwada alamomin da sunka rage da waɗanda ya riga ya warware mini a babukan baya. Wasu sun buɗe. Mafi yawa ba su maimaitu ko'ina ba, don na wannan babin ne kaɗai. Ina iya yin zato, kuma wataƙila zaton ya dace, amma ba a raba gonar mutane da zato.

Cikin rani da ya wuce wasu ƴan'uwa biyu sunka zo mini daga wajen Garou, a kan wata ƙasa da ta fito a tsakiyar ruwa daidai inda gonar kakansu take a da. Sun ji an ce littafin Malam ya yi magana a kai. Na ce ya yi. Na ba su abin da na sani daga sauran littattafai, na yi musu nasiha da sulhu, na ce abin da Malam ya faɗa a kan irin tasu ƙasar ba ni da izinin faɗarshi. Babban ya ce, "Malam, ga littafin nan a gabanka." Na ce ga shi. Sunka yi sallama sunka tashi, kowa ya hau babur ɗinshi dabam.

Allah ya gafarta wa Malam da abokina, ya haskaka makwancinsu, ya sa abin da munka iya isarwa ya amfani masu zuwa, ya yafe mana abin da ya tsaya a hannunmu.